Daga Wace Kusurwa Ake Duban Hadari? Tasirin Doppler da Batun Kafa Radar a Yankin Ƙonni, Malbaza da Illela

Tsakure

Wannan maƙala tana duba yadda motsi ke sauya yawan kaɗawar igiyoyin rediyo, abin da masana ke kira tasirin Doppler, da abin da hakan ke nufi ga hangen hadari a gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela na jihar Tawa a Nijar. Hujjarta ita ce, wannan sauyi ba ya fallasa kowane irin motsi, sai wanda ya nufo mai awo ko ya ba shi baya. Saboda haka wurin da aka dasa na'ura ya fi ƙarfinta da tsadarta muhimmanci. Lissafin nisa da kusurwa ya nuna cewa radar da ke Yamai ko Kano ba za ta ga iskar da ke kwashe rufin gidaje a nan ba, kuma ko an dasa wata a Sakkwato, duk da kusancinta, za ta makance a daidai inda ake bukatarta in ta tsaya ita kaɗai.

Gabatarwa



Da wuya damina ta wuce a ƙasar Adar ba a samu daren da hadari ya taso daga gabas, holoƙo a gabansa, ya auka wa garuruwa kafin a ɗaure jinka ko a kawar da dabbobi daga bakin korama ba. In an zauna maganar mafita, sai a ji an ce a sayo radar, kamar dai saye shi ne ƙarshen zance. Abin da nake son karewa a wannan maƙala shi ne, tambayar farko ba nawa za a kashe ba ce, a ina za a dasa ce, kuma amsarta tana cikin wata ƙa'idar kimiyya da ta haura shekara 180. Zan fara da ƙa'idar, in nuna inda ake ɗora mata laifin da ba nata ba, sannan in ɗora ta a kan taswirar yankinmu.

Ƙa'idar da girman sauyin

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanya a Galmi lokacin da manyan motocin albasa ke wucewa ya san abu ɗaya ko bai shiga ajin kimiyya ba: in mota ta taho tana danna hon, ƙarar takan zo siririya, da ta gota shi sai ta yi kauri nan take, alhali direba bai sauya komai ba. Hon yana sakin igiyoyin sauti bi-da-bi. Motar da ke tahowa tana sakin kowace igiya daga wurin da ya fi na baya kusa da kunne, sai igiyoyin su iso a cunkushe, yawansu cikin sakan ɗaya ya ƙaru. In ta ba da baya, tazararsu ta buɗe, yawansu ya ragu. Wannan adadi na cikin sakan ɗaya shi nake kira yawan kaɗawa, kuma da hertz ake auna shi. Christian Doppler, masanin lissafi ɗan Ostiriya, shi ya bayyana ƙa'idar a birnin Prague a 1842 yana neman dalilin bambancin launin taurari. Bayaninsa game da launin bai tsaya ba, amma ƙa'idar ta tsaya. A 1845 Buys Ballot ya gwada ta a Holan da masu busa ƙaho a kan jirgin ƙasa, a 1848 kuma Hippolyte Fizeau na Faransa ya nuna yadda za a yi aiki da ita a kan haske. Lissafin ba shi da wuya: a raba gudun abin da ke motsi da gudun igiyar, a ninka da yawan kaɗawar asali, abin da ya fito shi ne sauyin. Sauti yana cin mita 340 a sakan, don haka motar da ke gudun mita 20 a sakan tana sauya shi da kusan kashi 6 cikin 100, kunne ma yana kamawa. Igiyar rediyo kuwa gudun haske take yi, kusan kilomita 300,000 a sakan, sai sauyin da motar nan za ta kawo ya koma kashi ɗaya cikin miliyan 15.

Wannan ƙanƙanta ita ce ke wanke tasirin Doppler daga zargin da akan yi masa. Akwai masu cewa in rediyon mota ya fara shashshaka tsakanin Tsarnawa da Badagishiri, gudu ne ya karkatar da tashar. Mu lissafa. Tashar FM da ke watsawa a kan hertz miliyan 100, da motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana nufar eriyar kai tsaye, sauyin da za a samu hertz 9 ne kacal. Tashar kanta da gangan take kai-komo har hertz 75,000 sama da ƙasa don ta ɗauki murya, to ina hertz 9 zai tsaya a ciki? Wayar salula a kan hertz miliyan 900 sauyinta a wannan gudu bai wuce hertz 83 ba, kuma an ƙera ta da shirin gyara shi. Abin da ke kashe tasha a wannan hanya nisa ne da tuddan Adar da ke shiga tsakani. Sai dai akwai wata ƙura da ya kamata a share, don kada masana su kama ni. Igiyar takan iso mota ta hanyoyi da dama, wata kai tsaye, wata bayan ta daki dutse ta dawo. Inda suka dace sai su ƙarfafa juna, inda suka saɓa sai su kashe juna, kuma tun da tsawon igiyar FM mita 3 ne, wuraren raunin sukan jeru kusan kowace mita ɗaya da rabi. Motar da ke cin mita 28 a sakan za ta ratsa irinsu wajen 18 a kowane sakan. Wannan lamba ninkin hertz 9 ɗin can ce, kuma ba dace aka yi ba. Ke nan Doppler ba ya sauya wa mai sauraro tasha, amma shi ne ke ƙayyade saurin rawar da murya ke yi.

Abin mamaki, ƙanƙantar da ta sa kunne ba ya jin sauyin ita ce ta mai da shi ma'auni a hannun mai agogo mai kyau. Bayan da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik ranar 4 ga Oktoban 1957, William Guier da George Weiffenbach, a wani ɗakin bincike na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka, suka saurari kukan da yake yi a kusa da hertz miliyan 20, suka gano cewa daga yadda kaɗawar ke saukowa yayin da yake wucewa za a iya fitar da dukan hanyar da yake bi. Frank McClure ya juya tambayar: in an san hanyar tauraron, ai za a iya gano inda mai sauraro yake. Daga nan tsarin Transit ya fito, wanda jiragen ruwa suka fara aiki da shi a 1964. Tsarin Argos na Faransa da Amurka, da ya fara a 1978, yana sauraren ƙananan na'urori masu watsawa a kan hertz miliyan 401.65, kuma da shi aka bi sawun wani nau'in shaho da ke barin Turai ya zo Sahel cin fara. Ƙasarmu Nijar ma ta ba da gudummawa, domin an taɓa kafa ɗaya daga tashoshin tsarin DORIS a Arlit, wanda ke auna hanyar taurarin ɗan'adam da wannan ƙa'ida. Wayar da ke aljihun ɗan kasuwar Ƙonni kuwa, kafin ta kama tauraron GPS sai ta laluba shi cikin sauyin da zai iya kaiwa hertz 5,000 sama ko ƙasa. Amma darasin da nake so mu ɗauka daga nan daban ne. A lokacin da tauraro irin na Argos ya fi kusa da mai sauraro, yana ratsa sama da cikakken gudunsa na kilomita bakwai da wani abu a sakan, a daidai lokacin ne sauyin ke zama sifiri, domin a wannan ƙiftawar ba tahowa yake ba, ba kuma tafiya yake ba, gittawa yake yi. Haka nan Argos, daga wucewar tauraro sau ɗaya, wurare biyu yake bayarwa, ɗaya a dama da hanyar tauraron ɗaya a hagu, sai an ƙara wata shaida a zaɓi na gaskiya.

Radar tana aika igiya ne ta jira ta daki abu ta dawo, don haka sauyin sau biyu yake faruwa, a zuwa da a dawowa. Na'urar auna gudun mota mai aiki a kan hertz biliyan 24 tana samun kusan hertz 45 a kan kowace kilomita ɗaya a awa. In mota ta nufo ta kai tsaye da gudun 100, za ta karanta 100. In akwai kusurwar digiri 30 tsakanin hanyar motar da inda na'urar ke duba, za ta karanta 87, a digiri 60 ta karanta 50, a digiri 90 kuwa ta ce motar a tsaye take. Babu gyaran da maƙeri zai yi wa wannan, ba lahanin ƙira ba ne, haka ƙa'idar take.

Irin hadarin da muke fama da shi

Ruwan Sahel ba tsinke-tsinke yake zuwa ba. Binciken da Mathon, Laurent da Lebel suka wallafa a 2002 ya nuna cewa kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan damina a yankin da suka duba ya fito ne daga manyan hadarurruka masu tsari, waɗanda ba su da yawa a ƙidaya. Mafi shahara a cikinsu shi ne wanda ke jeruwa kamar katanga daga arewa zuwa kudu, tsawonsa ɗaruruwan kilomita, yana tafiya yamma da gudun da kan kai mita 15 a sakan, wato kilomita 54 a awa. Tun 1945 Hamilton da Archbold suka siffanta shi a Nijeriya. Ruwan da ke zubowa daga cikinsa yana ratsa busasshiyar iska, wani sashe ya ƙafe, iskar ta yi sanyi ta yi nauyi ta faɗo ƙasa, sannan ta bazu gaba tana ture ƙura. Ita ce holoƙon da ke riga ruwa isowa. Kaurinta daga ƙasa bai cika wuce kilomita ɗaya zuwa biyu ba, amma gudunta kan haura mita 20 a sakan, kuma ita ce ke yaye kwano, ta kayar da rudun albasa, ta karya turakun lantarki. Ruwan da ke biyo bayanta shi ne ke cika koramun Magiya cikin awoyi kaɗan, ya gangaro madatsun Mozage da Zongo, waɗanda gonakin ban-ruwa na Ƙonni, kimanin hekta 2,450, suka dogara da su, kafin ya ƙetara iyaka zuwa tafkin Kalmalo a jihar Sakkwato. Lamarin kuma ƙaruwa yake yi. Christopher Taylor da abokan aikinsa sun nuna a mujallar Nature a 2017 cewa hadarurruka mafi tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. A daminar 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ta shafi sama da miliyan ɗaya.

Radar hasashen yanayi tana aika igiya mai tsawon kusan santimita 5.3, wato hertz biliyan 5.6, ta daki ɗigon ruwa, ƙura da ƙwarin da iska ta kwaso. Ƙarfin abin da ya dawo yana nuna yawan ruwan, sauyin kaɗawarsa kuma yana nuna gudun iskar da ke ɗauke da shi. Iskar mita 20 a sakan tana kawo sauyin kusan hertz 750 a cikin biliyan 5.6, ana kuma gane shi ta hanyar gwama inda kaɗawar kowace amsa ta tsaya da ta wadda ta gabace ta. An riga an gwada wannan a ƙasarmu. A ƙarƙashin shirin AMMA na binciken daminar Afirka ta Yamma, an dasa radar Cibiyar Fasaha ta Massachusetts kusa da filin jirgin saman Yamai a daminar 2006 da ta 2007. Daga cikin abin da ta tabbatar akwai cewa da yawa daga jerin hadarin da ke shayar da Yamai da asuba suke isowa, bayan sun haɗu tun yammacin jiya can nesa a gabas. In muka ɗora gudun mita 15 a sakan a kan nisan da ke tsakanin Yamai da Ƙonni, sai mu ga irin wannan hadari ya ratsa ta wajenmu kusan awa shida kafin nan, wato cikin dare, lokacin da idon manomi, duk gwanintarsa wajen karanta gabas, ba ya ganin komai sai walƙiya.

Nisa da kusurwa

Duniya a lanƙwashe take, igiyar radar kuwa kusan a miƙe take tafiya, saboda haka duk nisan da ta yi sai ta ƙara rabuwa da ƙasa. In an karkata eriya da rabin digiri sama, wanda shi ne abin da aka saba, igiyar tana kan tsayin kusan kilomita ɗaya a nisan kilomita 80, tana kan kilomita huɗu a nisan 200. Tsakanin Yamai da Ƙonni a miƙe kusan kilomita 340 ne, nan igiyar ta kai tsayin kilomita goma. Shirin radar shida na hukumar NiMet ta Nijeriya ya zaɓi Abuja, Legas, Fatakwal, Kano, Maiduguri da Yola, mafi kusa da mu a cikinsu ita ce Kano, kusan kilomita 400, inda igiyar za ta wuce ta saman Ƙonni da wajen kilomita 13. Daga can sai dai a ga kan hadari. Iskar da ke ɓarna tana ƙasa da kilomita biyu. Wannan bai bukatar dogon jayayya.

Inda maganar ta fi daɗi shi ne Sakkwato. Tazararta da Ƙonni kusan kilomita 80 ce a miƙe, in an dasa radar a can igiya za ta iso a tsayin da bai wuce kilomita ɗaya da ɗan abu ba, don haka mai duban nisa kaɗai zai ce matsala ta ƙare. To a ɗauko taswira. Sakkwato, Illelar Nijeriya, Ƙonni, Illelar Nijar da Tawa duk kusan a kan layi ɗaya suke daga kudu zuwa arewa, kusa da digiri 5 da kwata gabas. Wannan yana haifar da abu biyu. Na farko, tun da hadarin ma daga arewa zuwa kudu yake jeruwa, kusan lokaci ɗaya yake dukan garuruwan nan, babu wanda zai buga wa ɗan'uwansa waya ya ce ga shi nan tafe. Gargaɗi sai dai daga Malbaza, Galmi, Madawa da Buza. Na biyu, radar da ke Sakkwato in ta dubi Ƙonni arewa sak take duba, iskar holoƙo kuwa daga gabas take zuwa, gittawa take yi, sauyin da za ta bayar ya kusa sifiri ko da tana tuge itatuwa. Akwai ma abin da ya fi wannan. Radar zamani tana amfani da Doppler wajen share amsar duwatsu da gine-gine, ta hanyar zubar da duk abin da bai nuna motsi ba, kuma a ƙasa mai tuddai irin Adar ba makawa sai an kunna wannan tacewa. Ruwan da iska ke gittawa da shi kuwa shi ma bai nuna motsi ba, sai tacewar ta ci wani sashe nasa, a ƙiyasta ruwan ƙasa da yadda yake. Za a iya cewa ai za ta hango hadarin tun yana Madawa. Daga Sakkwato, Madawa tana nisan kusan kilomita 135, a karkace arewa maso gabas, abin da radar za ta kama na iskar gabas bai kai kashi 60 cikin 100 ba, kuma a tsayin da ya haura kilomita biyu. In radar a Ƙonni take, Madawa tana nisan kilomita 80 da 'yan kai, kusan gabas, za a kama fiye da kashi 90 na gudun iskar a tsayin kusan kilomita ɗaya, kuma ana da awa ɗaya da rabi kafin ta iso.

Ban ce radar ɗaya a Ƙonni ta wadatar ba. Illelar Nijar tana arewa sak da Ƙonni, wajen kilomita 75, don haka makantar da ta sami Sakkwato a kan Ƙonni ita za ta sami Ƙonni a kan Illela. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In radar biyu suka dubi wuri ɗaya daga kusurwoyi daban, kowace ta ba da nata ɓangaren gudun, a haɗa su a fitar da cikakkiyar iskar, ƙarfinta da inda ta nufa. An yi haka tun 1981 a gwajin COPT a Korhogo ta ƙasar Kodebuwa. Wurin da wannan haɗi ke aiki da kyau da'ira biyu ne, ɗaya a kowane gefen layin da ya haɗa radar biyun, inda dubansu ke gittawa da aƙalla digiri 30. Ashe jeruwar garuruwanmu da ta zama aibi ga radar ɗaya alheri ce ga biyu, domin layin da ya tashi daga kudu zuwa arewa da'irorinsa gabas da yamma suke faɗawa, kuma daga gabas hadari ke zuwa. Radar Ƙonni da ta Sakkwato za su rufe Malbaza, Galmi da Madawa a wannan gefen iyaka, da Gada, Goronyo da Sabon Birni a wancan. Radar Ƙonni da ta Tawa, masu tazarar kusan kilomita 120, za su rufe Buza da Keita, wato tuddan da ke gabas da Illela da kuma inda ruwan Magiya ke tasowa.

Abin da za a iya cewa

Za a ce ai akwai taurarin Meteosat, waɗanda cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD a Yamai ke karɓar hotunansu, ana samun sabo kowane minti 15, sabon ƙarni da aka fara harbawa a Disambar 2022 ma ya rage zuwa minti 10 ya ƙara na'urar ganin walƙiya. Wannan gaskiya ne, kuma ba na neman a yar da su, su ne ke nuna hadari tun yana Damagaram. Amma tauraro daga tsayin kusan kilomita 36,000 saman girgije yake gani da sanyinsa. Hadari biyu masu kai iri ɗaya, ɗaya zai iya wucewa da yayyafi, ɗayan ya rushe unguwa, bambancin yana ƙarƙashin girgijen. Za a kuma ce akwai hanya mai sauƙi, wadda Doumounia da abokansa suka nuna a Burkina Faso a 2014, inda aka auna ruwan sama daga yadda yake raunana igiyoyin da ke tsakanin turakun kamfanonin waya. Dabara ce mai kyau, ta dace da masu kula da madatsun Magiya. Sai dai rauni take aunawa ba sauyin kaɗawa ba, don haka tana faɗin ruwan da ke zuba yanzu, ba ta san komai game da iska ba, iska kuwa ita ke fara isowa.

Suka mafi ƙarfi daga cikin ƙa'idar kanta take fitowa. Radar sai ta jira amsar igiya ta dawo kafin ta aika wata, in ba haka ba ta rikita na kusa da na nesa. Amma in ta daɗe tana jira, abin da take aunawa ya yi tafiyar da ta wuce rubu'in tsawon igiya, sai ta kasa bambance iska mai ƙarfi mai tahowa da mai rauni mai tafiya. In tana aika igiya 1,000 a sakan, nisan da take gani ba ruɗu kilomita 150 ne, gudun da take karantawa ba ruɗu kuwa mita 13 a sakan ne kawai, ƙasa da gudun holoƙo. Ana magance wannan ta hanyar sassaɓa saurin aikawa, ko a ɗauki igiya mai santimita 10 da ke ninka iyakar, ba ta kuma raunana cikin ruwa mai yawa, illa dai eriyarta babba ce kuma ta fi tsada. Abin lura shi ne, wannan suka ba ta rushe hujjata ba, ƙarfafa ta ta yi: duk nisan da aka tilasta wa radar ta gani, da gudun iska ake biya, don haka dasa ta kusa ya fi miƙa wuyanta daga nesa.

Saura kuɗi, lantarki da siyasa. Radar ba kayan da za a ƙaddamar a yi tafi a watse ba ce, tana son wuta dare da rana, da kayan gyara, da ma'aikacin da zai zauna kusa da ita, kuma na'urar da ta mutu a watan Agusta daidai take da wadda ba a saya ba. Ba na raina wannan. Amma Malbaza tana da tashar lantarki mai aiki da hasken rana ta megawat 7 tun 2018, abin da ke nuna cewa hasken rana ba baƙon abu ba ne a nan, kuma ƙananan radar masu igiyar santimita 3, irin wadda aka gwada a Djougou ta Benin lokacin AMMA, sun fi sauƙin kuɗi da wuta, duk da cewa ganinsu gajere ne kuma ruwa mai ƙarfi yana dushe su. Game da siyasa, kowa a nan ya ga yadda aka rufe iyakar Ƙonni da Illela bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba a sake buɗe iyakar ba sai Maris na 2024. Wanda ya ce kada a ɗora gargaɗin rayuka a kan wayar da za a iya yankewa yana da hujja. Shi ya sa nake ganin a fara da Ƙonni da Tawa, waɗanda hukuma ɗaya za ta riƙe. Haɗi da Sakkwato kuwa ba sai an ƙirƙiro masa sabuwar doka ba, domin Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar tana nan tun 1971, kuma yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 ta ambaci kwarin Magiya da Lamido cikin ruwayen da ƙasashen biyu suka amince su riƙa miƙa bayanai a kansu.

Kirana ga Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa shi ne, kafin a rubuta takardar sayen kowace radar, a ba masanan Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da takwarorinsu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo aikin zana da'irorin nan a kan ainihin tuddan Adar, a ga inda dutse ke tare gani daga gabas. A kuma tsara tun yanzu yadda saƙo zai tashi daga ɗakin awo ya isa gidajen rediyon karkara, masu gari da masu kula da madatsun ruwa cikin Hausa a ƙasa da minti goma, domin awa ɗaya da rabi ba ta jure a bi da ita ofis-ofis. Radar farko a dasa ta a Ƙonni, ta biyu a Tawa.